Ba Kowace Shara Ce Ke Zama Lantarki Ba

Idan aka ce za a kafa masana'antar da za ta mayar da sharar gari lantarki, abu uku injiniya ke fara aunawa kafin ya zana komai: ruwan da ke jikin sharar, ƙasa da tokar da ke cikinta, sai abin da ya rage wanda zai iya cin wuta. A kan waɗannan ukun aikin ke tsayuwa ko ya faɗi. Tifar shara daga unguwar masu hali a Abuja da tifar shara daga lungunan cikin birnin Kano duk shara ake ce musu, amma a tanderu halinsu ya sha bamban. Ta farko ta fi yawan kwali da roba. Ta biyu kuwa kaso mai tsoka nata ƙasar sharar tsakar gida ce da tokar murhu da ɓawon kayan miya.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2016 duniya ta tara sharar gari tan biliyan 2.01, kuma za ta kai biliyan 3.4 a 2050. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara su ne tasu za ta fi saurin ƙaruwa, kusan ninki uku. Saboda haka yawa dai akwai shi. Abin dubawa shi ne wace hanya ta dace da wane iri.

Auna sharar ba ya buƙatar manyan kayan aiki. Ana ɗibar kamar kilo 100 daga motocin unguwanni daban-daban kullum har mako guda, a baje a kan tamfal, a tankaɗe ƙasa da toka da rariyar waya, a ware sauran gida-gida a auna kowanne. Daga nan a ɗebi samfuri a busar a digiri 105 na ma'aunin Salshiyas har nauyinsa ya daina raguwa. Abin da ya tafi shi ne ruwan. Dole a yi wannan da rani a kuma sake yi da damina. Wanda ya auna a watan Maris kaɗai ya sayi injin da zai tsaya cak a Agusta.

Lissafin tanderu

Ƙarfin wutar da ke cikin abu da megajul ake auna shi. Kilo guda na busasshen itace yana ba da 15 zuwa 18, man dizal kimanin 43. Leda da robar jarka, da yake daga man fetur aka yi su, suna kusa da dizal idan tsabtatattu ne. Busasshiyar takarda 15 zuwa 17. Jiƙaƙƙen ragowar abinci da ƙyar ya kai 4 ko 5. Ƙasa da toka sifili. Ruwa ma bashi yake jawowa, domin kowane kilo nasa sai ya cinye kusan megajul 2.5 kafin ya zama tururi ya fita. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce, shara ba ta ci da kanta yadda ya kamata sai matsakaicinta a shekara ya kai megajul 7 a kilo, kuma kada ta faɗi ƙasa da 6 a kowane lokaci.

Mu ƙaddara kilo 100 na shara, a matsayin misali kawai. Ragowar abinci da ganye kilo 45, sun ba da megajul 180. Ƙasa da toka kilo 25, ba su ba da komai ba. Leda da roba masu datti kilo 15, a ce 30 kowane kilo, 450 ke nan. Takarda da kwali kilo 8, kamar 100. Tsummokara da tarkace kilo 7, kamar 70. Jimilla 800, wato 8 a kowane kilo. A takarda ta haye.

To amma kafin motar ta isa masana'anta, 'yan jari bola sun riga sun tsince robar da ke da kasuwa. A ce sun kwashe kilo 8. Saura megajul 560 a cikin kilo 92, wato 6 da ɗan ɗoriya. Sai ruwan sama ya sauka a kan bolar da ba ta da rufi, sharar ta sha kilo 20. Yanzu ana maganar megajul 510 a cikin kilo 112, wato kusan 4.5. A nan sai an riƙa fesa dizal a cikin tanderun don kada wutar ta mutu: masana'antar da aka gina don ta samar da makamashi ta koma mai sayensa. Wannan lissafin yana kuma fito da abin da ba a cika faɗa a wajen sa hannu kan yarjejeniya ba, cewa tanderu da mai jari bola abu ɗaya suke nema, wato robar.

Ko da sharar ta ci, lantarkin ba shi da yawan da ake zato. Tan guda mai megajul 8 a kilo yana ɗauke da zafin da ya kai yunit 2,200 irin na mita. Abin da ke fita a waya bai cika wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba, a ce yunit 450. Garin da ke kai tan 1,000 kullum zai samu megawat 18 ko 19. Don kwatanci, injinan da aka girka wa madatsar Kainji bayan gina ta ƙarfinsu megawat 760 ne. Dalilin ƙarancin shi ne ba a iya ƙure zafin tururin: sinadarin kulorin da ke fita daga gishirin abinci da robar PVC, irin ta bututun ruwa, yana cin bututun tukunyar tururi idan zafi ya yi yawa, shi ya sa galibi ake tsayawa a kusan digiri 400.

Rabin masana'antar ma ba ta lantarki ba ce, ta wanke hayaƙi ce. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta hayaƙin ya zauna a digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, don gubar dayoksin ta tarwatse. Daga nan a sanyaya shi da sauri, saboda tsakanin digiri 200 da 400 gubar tana sake haɗuwa. Ana kuma fesa masa ruwan yuriya ko amoniya, a busa masa garin farar ƙasa da aka gasa don ya kama asid, da garin gawayi na musamman don ya kama dayoksin da makuri (zaiba), sannan ya bi ta matatun yadi kafin ya fita. Tokar ƙasan tanderu takan kai kashi 20 zuwa 25 na nauyin abin da aka zuba; ana cire ƙarfen da ke ciki, a yi cikon hanya da sauran. Tokar da matata ta kama, kashi 3 zuwa 5, guba ce, sai an binne ta a wurin da aka tanada. Ranar da kuɗin sayen waɗannan sinadarai ya yanke, injin zai ci gaba da juyi, amma unguwar da ke bin iska ita za ta sha.

Ana yawan kafa hujja da Suwidin da Danmak, inda har shigo da shara ake yi daga waje don a ciyar da tanderu. Abin da ake mantawa shi ne can zafin da ya rage ba ya tafiya a banza: ruwan zafi ake turawa ta bututu ana ɗumama gidajen gari duk tsawon hunturu, kuma ana biya. A Sakkwato ko Zinder wa zai sayi ɗumin ɗaki? Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Habasha. A watan Maris na 2017 tsibin jujin Koshe a Addis Ababa ya zaftare ya kashe mutum fiye da 110. A Agustan 2018 aka buɗe masana'antar Reppie a wurin, wadda aka tsara ta ƙone tan 1,400 a rana. Bayan biki ta daɗe tana aiki ƙasa da ƙarfinta, kuma cikin dalilan da aka riƙa ambata har da laimar sharar da tarkacen da ba sa cin wuta.

Abin da narkarwa ta fi ƙonawa riba

Ƙarfe bai kamata ya kusanci tanderun shara ba tun farko, kuma kasuwa ta riga ta san haka. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya gani. Narkar da tsohon alminiyom yana cin kusan kashi 5 ne kacal na makamashin da ake kashewa wajen fitar da sabo daga ma'adini. Yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe a 1,085. Mayen ƙarfe ke raba baƙin ƙarfe da sauran. Gwangwanin lemo kusan 65 zuwa 70 ke yin kilo, kuma da yake sirara ne masu fenti, idan aka watsa su warwatse a buɗaɗɗiyar wuta kaso mai yawa kan ƙone ya zama dusa. Sai an danne su dunƙule a nutsar cikin narkakken. Gwangwani mai ruwa a ciki kuwa kada ya shiga tukunyar narkarwa ko kusa, domin ruwan na zama tururi nan take ya watso narkakken ƙarfe a jikin mai aiki. Masu zuba tukwanen girki su ma akwai abin lura: binciken da aka yi a Kamaru ya gano dalma na fita daga tukwanen da aka zuba da tarkacen injin mota da makamantansu tana shiga abinci.

Ƙona wayar lantarki don a fitar da jan ƙarfe ita ce ta'ada mafi muni a wannan harka. Rigar wayar PVC ce, jan ƙarfen kuma yana ƙara saurin haɗuwar dayoksin, ga wuta mai sanyi a fili. Irin wannan hayaƙin ne ya sa sunan Agbogbloshie a Accra ya zagaye duniya kafin a rushe wurin a 2021. Ƙaramin injin feɗe waya yana yin aikin, kuma jan ƙarfen da bai ga wuta ba ya fi tsada a sikeli.

Kwalba da takarda lamarinsu da sauƙi. Kwalbar da za a wanke a sake cikawa ta fi wadda za a fasa a narkar. Idan narkarwar ce, a raba launi, kuma kada fasasshen tangaran ko dutse ya shiga, don ba sa narkewa tare da gilashi, sai su bar tabon da ke fasa sabuwar kwalba. Takarda tana jure juyi biyar zuwa bakwai kafin zarenta ya gajarce, ƙarshenta kiret ɗin ƙwai. Kwalin da ya sha mai ko ruwan miya ya tashi daga aiki.

Roba ce mai wuyar sha'ani, domin ba iri ɗaya ba ce, kuma ire-irenta ba sa haɗuwa a narke. A duniya baki ɗaya kashi 9 cikin 100 kawai ake sake sarrafawa. A gindin yawancin kayan roba akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku: 1 ita ce PET, gorar ruwa da ta lemo, 2 jarka da robar man shafawa, 3 PVC, bututun ruwa da rigar waya, 4 leda, har da ta fiya wata, 5 murafe da bokitai da kujeru. Bayan an niƙa, ruwa ke raba su: 2 da 4 da 5 suna tasowa sama, PET da PVC suna nutsewa. Shi ya sa ba sai an cire murfin gora da hannu ba, kwamin ruwa zai raba.

Matsalar tana wajen biyun da ke nutsewa tare. PET ba ta narkewa sai kusan digiri 250, PVC kuwa tun kafin a kai nan ta ƙone tana fitar da asid. Gora ɗaya ta PVC cikin dubbai ta isa ta sa kayan su yi rawaya da baƙaƙen ɗigo, ta kuma ci bakin injin. Dole a tsince ta da ido tun kafin niƙa. Bayan niƙa sai wanki da ruwan zafi digiri 80 zuwa 90 da sodar sabulu kashi 1 zuwa 2, don gam da takardar jiki su saki, sai ɗauraya. Sai kuma busarwa, inda masu ƙaramin jari suka fi yin asara. PET da ta shiga injin narkarwa da laima, ruwan yana yayyanka ta daga ciki, abin da ya fito sai ya riƙa karyewa kamar busasshen kara. Manyan masana'antu suna gasa ta awa 4 zuwa 6 a iska mai zafin digiri 160 zuwa 180 kafin narkarwa.

Ga mai tarawa kuwa, sufuri ne ke cin ribar. Gorar ruwa ta rabin lita 50 zuwa 60 ke yin kilo guda, wato tan ɗaya gora dubu 50 ne zuwa sama. Motar da aka cika da gora a sake iska ta ɗauko. Idan aka danne ta dila-dila da injin matsa, mota guda tana ɗaukar kusan ninki goma. Farar gora ta fi koriya da ruwan ƙasa kuɗi, don haka gauraya su rage wa kai farashi ne. Ledar fiya wata ana saye da nauyi, amma ƙasa da ruwan da ke maƙale a jikinta kan tafi da kaso mai yawa a wajen wanki. Mai saye da bai cire wannan a lissafi ba zai ga kilo 100 sun koma 70 da wani abu. Abin da ke fita daga irin wannan ana ganinsa a silifas da buta da baho da tabarmar roba da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ke fitarwa. Robar jikin tsohuwar talabijin da kwamfuta tana ɗauke da sinadarin hana kama wuta, bai dace ta shiga kayan cin abinci ba.

Jiƙaƙƙiyar shara: gas da taki

Abin da ya fi ɓata wa tanderu lissafi, wato ruɓaɓɓen abu mai ruwa, shi ne abincin rijiyar gas. Rijiyar tamkar tumbin saniya ce da aka gina da bulo: ƙwayoyin halitta na cin abin da aka zuba a inda babu iska, suna fitar da gas mai metan, wato iskar da ke cin wuta, kashi 50 zuwa 70, sauran galibi iskar kabon ce da ɗan gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Lita 1,000 na wannan gas na ɗauke da zafin da ya kai yunit 6, amma idan aka sa shi a janareta yunit 1.5 zuwa 2 kawai ake samu. Don haka a gida girki ya fi dacewa da shi.

Ga yadda ake fitar da girman rijiya. Kilo guda na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas lita 30 zuwa 40. Gida mai mutum biyar ko shida yana buƙatar lita 1,500 zuwa 2,000 a rana, wato kashi kilo 50, abin da shanu huɗu ko biyar da ke ɗaure a turke za su bayar. Ana dama shi da ruwa daidai wa daida, kilo 50 da lita 50, ya zama lita 100 kullum. A yanayi mai zafi irin namu kwana 40 ya ishe shi a ciki, lita 4,000 ke nan. A ƙara wurin taruwar gas, sai a gina mai lita 6,000. A lura da ruwan nan: jarka biyu ce ta lita 25 kowace rana, har da watan Afrilu. A ƙauyen da ake sayen ruwa a kura, wannan kaɗai ya isa ya kashe aikin. Shanun da ke fita kiwo kuma kashin dare kawai ake samu, busasshen da aka tsinto a daji kuwa tasowa yake yi sama ba ya ba da gas na kirki. Mai kiwon turke don layya ya tuna cewa bayan Sallah rijiyar za ta zauna da yunwa.

A karon farko ana cika ta da kashin shanu, in da hali a haɗa da ruwan wata rijiyar da ke aiki, a jira mako biyu zuwa huɗu. Gas ɗin farko ana sakinsa a iska nesa da wuta, domin a gauraye yake da iska, kuma metan da ya kai kashi 5 zuwa 15 a cikin iska fashewa yake yi. Ƙwayoyin sun fi aiki a digiri 30 zuwa 38, shi ya sa gas kan ragu a tsakiyar hunturu. Rijiyar da aka binne a ƙasa ta fi jure sanyin dare a kan ta leda da ke shimfiɗe a fili.

Yawancin rijiyoyin da suka mutu, ɗaya daga cikin abubuwan nan ne ya kashe su. Yoyo: ƙubbar siminti da ba a yi mata shafe mai kyau ba tana riƙe ruwa amma ba ta riƙe gas. Ana gane yoyon bututu da ruwan sabulu a mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Ruwa a bututu: gas ɗin yana fitowa da laima, idan ta huce sai ta taru a inda bututun ya lotsa, wutar murhu ta riƙa tsalle tana mutuwa. Maganinsa a shimfiɗa bututu da ɗan gangare a sa mazubar ruwa a wuri mafi ƙasa. Ƙasa da tsakuwa suna kwanciya a gindi su cinye wuri, kara da ciyawa suna yin ɓawo a sama su toshe gas. Ruwan wanki mai bilic ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kashin dabbar da ake yi wa allurar maganin ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, suna kashe ƙwayoyin halittar da ke aikin.

Sai tsami, wanda ya fi kama masu zuba ragowar abinci. Kilo guda na ragowar abinci yana iya ba da ninki biyu ko uku na gas ɗin kashin shanu, sai mutum ya ji daɗi ya ƙara. Amma ƙwayoyin da ke mayar da abinci asid sun fi masu mayar da asid metan saurin haihuwa. Idan aka cika ciyarwa asid ya taru, ruwan da ke fita ya yi warin tsami, gas ya ƙi kamawa. Abin yi shi ne a daina zubawa mako guda ko fiye, a ƙara ɗanyen kashin shanu ko ɗan ruwan farar ƙasa, sannan a dawo da ciyarwa kaɗan-kaɗan. Kashin kaji shi kaɗai kuma amoniya ke yi masa yawa, sai an haɗa shi da na shanu. Murhun gas na silinda ba ya ci da wannan gas sai an faɗaɗa ƙofar fitarsa. Gas mai warin ƙwai yana cin injin janareta, ana rage shi ta hanyar bi da shi cikin gwangwani mai cike da tsatsattsen ƙarfe. Kada kowa ya shiga rijiya don gyara sai an kwashe ta an bar ta a buɗe ta sha iska sosai.

Wurin da wannan ya fi dacewa shi ne mayanka da kasuwar kayan gwari da makarantar kwana, inda abin ke taruwa kullum wuri guda ba tare da leda ba. Ruwan da ke fita daga rijiyar taki ne mai ƙarfi, amma idan aka shanya shi a rana amoniyarsa na gudu. Gara a kai shi gona da ruwansa ko a zuba a ramin takin da aka rufe. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar toka da shara daga birni a kan jakuna zuwa gonaki. Leda da fasasshen gilashi da batir ne suka ɓata wannan tsohon ciniki.

Busassun ragowar gona hanyarsu daban. Ɓuntu kusan kashi 20 ne na nauyin shanshera, kuma kilo guda na ɗauke da megajul 13 zuwa 14. A garuruwan casar shinkafa irin su Kura da Haɗeja da Argungu tsibinsa ba ɓoyayye ba ne. Ana ƙona shi a tukunyar tururin turara shinkafa, ko a dafa shi da ƙarancin iska ya ba da gas ɗin da ke juya janareta, kilo 1.5 zuwa 2 a kan yunit guda, kamar yadda aka yi a ƙauyukan jihar Bihar ta Indiya. Cikas biyu gare shi: kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai kaifi irin ta yashi, kuma gas ɗin na zuwa da kwalta da ke daskarewa a bawul ɗin inji idan ba a tace ba. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara da garin gawayi ana curawa su zama gawayin girki da kokon rogo kashi 5 zuwa 10, a shanya kwana uku zuwa biyar. Wanda bai bushe ba hayaƙi yake yi ya kuma ruguje a buhu.

Taya, batir, da abin da ya rage

Tsohuwar taya ta fi gawayin kwal ƙarfin wuta, kimanin megajul 30 a kilo. Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne tanderun siminti, inda kayan ke kai digiri 1,450, toka da wayar ciki kuma su shige cikin simintin ba a bar komai ba. Arewa na da irin waɗannan tanderu a Ashaka da Kalambaina da Obajana. Ɗaya hanyar ita ce dafa tayar a rufaffiyar tukunya ba iska, a digiri 400 zuwa 500: ana samun mai kamar kashi 40 zuwa 45, baƙin gari 30 zuwa 35, waya 10 zuwa 15, sauran gas ne da ake mayarwa ƙarƙashin tukunyar. Masu tallar injin sukan kira man dizal, amma ba dizal ba ne: sulfa ta yi masa yawa kuma yana saurin kama wuta, amfaninsa a tanderun masana'anta. Leda da jarka ma suna ba da mai ta wannan hanya, sai dai PET tana toshe bututu da wani farin daskararren abu, PVC kuma ta cinye ƙarfen. Buɗe tukunyar tun ba ta huce ba shi ke jawo gobarar da ake ji. Babbake kai da ƙafa da ganda da wutar taya, wanda har yanzu ake yi a wasu mayanka, zuba gubar ne kai tsaye a kan abin da za a ci.

Batirin mota da na sola kusan kashi 60 na nauyinsa dalma ce, kuma tana narkewa a digiri 327 kacal, abin da ya sa kowa ke ganin zai iya a bayan gida. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalmar da fasa batir ya bari a ƙasar unguwa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, duk da cewa can daga dutsen zinariya ta fito, ya san irin cutar. Batir ana sayar da shi ne a rufe da ruwansa ga masana'antar da ke da matatar hayaƙi; zubar da asid ɗin a kwata don a rage nauyi ɓarna ce ta biyu. Batirin waya da na fitila mai caji kuwa wuta yake kamawa idan aka matse shi, don haka kada ya shiga injin niƙa ko na matsa dila.

Bayan duk wannan akwai abin da zai rage, kuma juji zai je. Jujin da aka gina bisa ƙa'ida ana shimfiɗa masa laka ko leda mai kauri a ƙasa don ruwansa kada ya gangara rijiyoyin mutane, ana danne sharar ana rufe ta da ƙasa kullum. A ciki ruɓa ke ci gaba shekara da shekaru, gas ɗin da ke fita kusan rabinsa metan ne, wanda ke riƙe zafin duniya kusan ninki 28 na iskar kabon. Birnin Durban na Afirka ta Kudu ya fara juya janareta da irin wannan gas a jujin Mariannhill da na Bisasar Road tun kafin 2010. Ana haƙa rijiyoyi a cikin tsibin, a sa bututu mai huji-huji a kewaye shi da tsakuwa, a riƙa zuƙowa a hankali. Sai tsibin ya yi zurfin mita 10 ko fiye kuma an rufe samansa kafin abin ya biya kuɗinsa. Idan aka cika zuƙa, iska na shiga ta sama ta kunna wuta a cikin tsibin, irin wadda ke ci a ɓoye wata da watanni. Ruwa kaɗai ba ya kashe ta. Rufe ta ake yi da ƙasa mai kauri a danne, a kuma kashe rijiyoyin da ke kusa har zafin ya sauka.